Gonar Bakin Rijiya Ta Tsira

Zuwa ga ƙanena Badrilal,

Ram Ram, gaisuwa mai yawa daga Dewas. Ina roƙon Ubangiji ya ƙara maka lafiya, ya kiyaye ka daga ƙurar masaƙar nan ta Surat. Mu duk lafiya lau. Gwiwar mahaifinmu Bapu ce dai ke damunsa, amma bakinsa garau yake.

Ka tuna yarjejeniyar da muka yi bara, cewa in waken suya ya sake ba mu kunya a gonar bakin rijiya, za a sayar wa masu gasa bulo. Kai ka kawo shawarar, ban ga laifinka ba, amma na kwana da ita a ƙirji duk damina. Gonar da mahaifiyarmu Amma ta tsufa tana cire wa ciyawa, a ce a yashe ƙasarta a ƙona!

Ka san Bapu da farin takin nan, yuriya. Watsa shi yake yi kamar a gonar alkama, don masu wucewa su yaba koren ganye, alhali ganye ba ya cika buhu. Malamin gona ya gwada ƙasarmu, ya ce abin da ke cikin takin sufa ne ya ƙare mata, kuma shi ba ya nutsewa da kansa a baƙar ƙasa, sai an binne shi ƙarƙashin iri ranar shuka. Haka ni da mijina Kanhaiya muka yi da injin shuka, muka hana yuriyar. Bapu ya yi fushi, ya ce mun binne arziki inda ko maƙwabci ba zai gani ba. Da gonar maƙwabcinmu Gokul ta fi tamu duhun ganye, sai ya daina bi ta hanyar, wai kada a yi masa dariya a wurin mai shayi.

Da wake ya fara ɗaura 'ya'ya, na tumɓuko guda na kai masa. Saiwar ta yi zurfi, ga gudaji jingim a jikinta. Ya fasa ɗaya da farce, ya ga cikinsa ja, alamar shuka na ciyar da ƙasa. Sai ya ce shi dama ya sani. Na bar masa, girma nasa ne.

Mun girbe kafin bikin Diwali. Ɗakin Amma ya cika har mun jera buhuna a baranda, raina ya yi fari ƙal. Mai bulo ya zo shekaranjiya, Bapu ya ba shi shayi, ya raka shi bakin ƙofa da ɗingishinsa. Ya ce in gaya maka, hannun da ka tanada don takardar sayarwa, ka zo da shi ka kama mana shukar alkama.

Ka gai da matarka Sugna, da Mohit da 'yar autarku Tina. Gwaggo Gita na gaishe ku.

Yayarka,
Ramkanya