A Dawo wa 'Yan Aji Ɗaya da Talabijin Ɗinsu na Kwali

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da ke tattara kayan koyarwa na makarantun Arewa don baje-koli,
a Yendi, ko a Bawku, ko duk inda motar ofis ta sauke shi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa irin ta 'ya ga uba, da fatan kana lafiya, ya iyali, ya kuma gajiyar yawon duba ƙoƙarin mutane. Wannan takarda uku na rubuta ta. Ɗaya na manna a tashar motar Salaga, biyu na ba kawuna mai jan lorin doya ya manna a tashar Yendi da ta Bawku, domin duk wanda aka tambaya inda kake sai ya ce yanzun nan ka tashi. Da Hausa na yi ta, don in na yi da Turanci za a bi ta da jan biro a dawo mini da ita ba a karanta ba. Na san kana jin Hausa sarai. Na ji ka kana cinikin doya a bakin makarantarmu, har ka fi Kakata iya tayi.

Zan fara da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Kakata da muke kwana ɗaki ɗaya. Ni na kwashe takardun ofishinka daga kabad ɗin Hedimasta. Ina nufin waɗanda kuke aikowa kowane wata masu shuɗin rubutu, da ke umartar malamai su riƙa ƙirƙiro dabarun koyarwa da kayan gida. Kullum in na shiga sharar ofis sai in zari biyar ko shida in sa a riga. Wata bakwai ke nan, ba wanda ya nemi ko ɗaya. Na faɗa maka ne don ka kwantar da hankalinka: akwai mutum ɗaya a Salaga da ya amfana da su. Bayansu fari ne tas, yana shan gawayi da kyau.

Sunana Sahadatu, shekarata goma sha huɗu, ina aji ɗaya na sabuwar ƙaramar sakandaren da aka liƙa a bayan firamarenmu. Burina in zama malama. Ga ƙorafina.

Na ɗaya. Tun farkon shekara aka mai da malamin 'yan aji ɗaya na firamare Gushegu, ba a kawo madadinsa ba. Hedimasta ya leƙo ajinmu ya zaɓe ni in riƙa zama da su da safe, wai tunda ba ni da surutu zan iya hana su surutu. Ranka ya daɗe, ni ba natsuwa gare ni ba, kunya ce. Mutum uku in suka kalle ni lokaci ɗaya, muryata maƙalewa take yi a wuya. Mako biyu na yi ina tsaye gaban allo da alli a hannu kamar an dasa ni. Yara arba'in da ɗaya ke cikin rajista, tara ke zuwa. Sauran suna can shagon wani Alhaji mai talabijin na batirin mota, suna leƙe ta ramukan kwano, ko da ba abin da ake nunawa sai mutum ɗaya zaune yana karanta labarai.

Sai na ce a raina, in dai akwati suke so, bari in yi musu akwati. Na roƙi kwalin sabulu a kasuwa na yanke gabansa. Na haɗa takardunka da sitacin rogo suka zama doguwar takarda ɗaya mai tsawon ɗakinmu sau biyu, na naɗe ta a jikin tsofaffin muciyoyi biyu na Kakata. Zanen kuwa da gawayi na yi, da bula ta wanki, da ruwan karan dafi. Labarin wata akuya ne da ta saci hanya ta hau lorin doya daga Salaga zuwa Bawku, kowane gari aka tsaya sai ta ci doya. Yara su ƙirga nawa ta ci, nawa suka rage, su kuma karanta harafin da aka rubuta a kan buhu. Ni ina zaune a bayan kwalin, na yafa zane, ina murza muciya ina yin muryar akuya, da ta direba, da ta matar da ke zagin direba.

A bayan kwalin nan na gane ashe ina da murya. Cikin mako uku yara talatin da shida ke zuwa. Har da waɗanda Gonja ko Dagbanci ake yi a gidajensu, domin ba yaron kasuwa da bai jin Hausar zagin akuya.

Na biyu. Ranar Laraba ta farko bayan ƙaramar Sallah motarka ta tsaya a gindin mangwaronmu. Ka shigo ajin akuya tana Yendi, doya bakwai suka rage mata. Ka yi dariya har ka cire tabarau, ka tambayi wanda ya yi wannan abu. Ina ƙarƙashin zane ina neman inda muryata ta gudu, sai Hedimasta ya ce makaranta ce ta yi. Ban yi musu ba. Amma har yau ina mamakin ginin da rufinsa ke yoyo, wanda bai iya tare ruwan sama ba, yadda aka yi ya iya dama sitaci.

Daga nan ka yi mana jawabi mai tsawo a kan ƙarfafa wa yara gwiwa. Ka ce yaro kamar shuka yake, sai ana ba shi ruwa. Aka sa muka tafa. Muna cikin tafin direbanka ya ɗauki kwalin ya sa a bayan mota, tsakanin doyar da ka saya da wata kaza. Ka ce mako biyu za a yi a dawo da shi daga baje-kolin Yendi. Yau mako goma sha ɗaya. Ni dai da lissafin akuya na saba, wataƙila na ofis daban ne.

Na uku. Ban manta da alherinka ba. Ka bar mana rediyo mai kaset, sabuwa fil, ka ce wannan ita ce na'urar gaske, ta zamani, kwali kuwa ƙauyanci ne mai ban sha'awa. Batir shida manya take ci, huɗu ka bar mana. Hedimasta ya cike biyu daga tocilarsa, aka kunna ta ranar Litinin gaban yara.

Wata mata ce a ciki, da Turanci mai gudu kamar an biyo ta. Sai ta yi tambaya, ta yi shiru kaɗan, yara na kallon juna ba wanda ya ce uffan, sai ta ce madalla, kun yi daidai. Sau goma sha huɗu ta yabe su a ranar, na ƙirga. Ban taɓa ganin malama mai kirki irinta ba. Ko akuyar maƙwabta da ta leƙo ta taga ta samu rabonta na yabo. A rana ta uku muryar matar ta fara ja kamar mai jin barci, muka shanya batir a rana kan kwanon ɗaki, ta farfaɗo na rabin darasi. A rana ta biyar rediyon ta tauna kaset ɗin. Hedimasta ya zauna da biro yana naɗe shi, ya tsinke. Yanzu tana cikin kabad, an lulluɓe ta da kyallen tebur mai fulawa, ana fito da ita in baƙi sun zo. Ta ma samu wurin zama mai faɗi, tunda takardun da ke wurin sun ragu.

Na huɗu. Kawuna ya ga kwalinmu a Yendi. Ya ce an ɗora shi a tebur, an kewaye shi da igiya, an rubuta kada a taɓa, a ƙasa kuma sunan makarantarmu da na Hedimasta da manyan baƙaƙe. Ya ce wani babban baƙo mai kwat ya murza muciya, akuya ta wuce shiru, lori ya wuce shiru, ya tambayi me ake nufi, aka rasa mai amsawa. Wani malami ya ce darasin kiwon dabbobi ne, wani ya ce na kiyaye haɗarin hanya. Duk da haka kwalin ya zo na biyu a gasar. Da an san me yake nufi ban san ko na nawa zai zo ba.

Shi ne makon jiya takardarka ta iso, wai a turo yarinyar da ke yin muryar zuwa Bawku ranar Alhamis mai zuwa, da wankakken yunifom da farin takalmi, ta yi wa manyan baƙi akuya. Ban ga sunana a ciki ba, amma ba laifinka ba ne, ba ka tambaya ba. Hedimasta ya ce in riƙa godiya, ba kowace yarinya ake kai wa Bawku a motar ofis ba, kuma in aka tambaye ni in ce shi ya koya mini.

Na biyar, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Yara goma sha biyu suka rage a aji. Sabuwar doya ta kusa shigowa, kuma ka san Salaga in doya ta shigo, duk yaron da zai iya ɗaukar guda biyu a ka yana da aiki a tasha. Wanda ya fita a wannan lokacin ba ya cika dawowa. Akwai wata Fusena, 'yar shekara bakwai, ita ta fara gane cewa in aka cire uku daga goma ko akuya ce ta ci ko mutum, bakwai ne. Ta iya haruffa goma sha ɗaya, duk na kan buhunan da lorin ya wuce da su. Sauran haruffan suna cikin kwali a Yendi, bayan igiya. Kakarta, Mma Lariba mai doya, ta tare ni a bakin rijiya ranar Litinin ta ce, “Sahadatu, 'yar nan, in akwatinku ya tafi ke nan, ki gaya mini gaskiya. Ni ina da tiren talla da ke jiran kai.” Na ce mata ta ba ni kwana goma. Ban san me ya sa na ce goma ba.

Za ka ce in yi wani mana. Na gwada. Muciyar da ta rage a gidanmu ita ake tuƙa tuwo da ita, takardun kabad masu farin baya sun ƙare, kuma Hedimasta ya riga ya ce in na yi sabo a ajiye shi a ofis don kada yara su ɓata shi kafin baje-kolin baɗi.

In Allah ya kai ni kwalejin malamai, akwai abubuwan da ba sai an koya mini ba, ka riga ka koya mini su kyauta. Na san yanzu cewa abin koyarwa in ya yi kyau ƙwarai ba na yara ba ne, na baƙi ne. Na san akwati ko na kwali ne ko na kanti, in ba mutum a bayansa da ya san sunan Fusena, ya san inda ta tsaya jiya, to kaya ne kawai. Yaran nan ba zane suke biyowa ba, zanena ma akuyar da kare take kama. Suna zuwa ne don su ji ko za a kama ta, kuma don in suka ce shida alhali bakwai ne, akuyar takan yi musu dariya ta ce su sake ƙirgawa. Matar cikin kaset ba ta taɓa ce wa kowa ya sake ƙirgawa ba.

Saboda haka ina roƙon abu uku, ranka ya daɗe. A sa kwalin a lorin kawuna, yana tasowa daga Bawku kowace Asabar ya biyo ta Yendi, ba zai karɓi ko sisi ba. Lambar yabon da kwalin ya ci ku riƙe, ta fi dacewa da bangon ofis. A turo wa 'yan aji ɗaya malami na gaske, domin ni ma ɗaliba ce, wata bakwai ban ga darasin safe na ajinmu ba. In duk waɗannan sun yi wa ofis nauyi, to a ci gaba da aiko takardun ƙarfafa gwiwa, amma don Allah a riƙa buga su a fuska ɗaya kamar da. Na watan jiya gaba da baya aka cika su, ba su da amfanin komai.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare motarka a hanyar Bawku, ya ba 'ya'yanka malaman da ke jiran amsa kafin su ce madalla. In akwai horo a kan takardun da na ɗauka, ni kaɗai na yi, a same ni a ajin.

Maganar Alhamis kuma, kada direba ya wahalar da kansa ya biyo ta Salaga. Ban gaya wa Hedimasta ba, a nan tasha zai karanta kamar kowa. Ba zan je ba. A ranar ne kwana goman Mma Lariba ke cika, kuma na yanke shawara zan tsaya gaban yaran nan, ba kwali, ba zane a kaina, in ci gaba da labarin daga doya bakwai. Kwana huɗu ke nan ina gwadawa a bayan gida gaban kajin Kakata. Jiya na kai har Gushegu kafin muryar ta maƙale.

Wassalam.

'Yarka,
Sahadatu, Salaga.