Kan Kifi a Kwanon Mai Takaba

Barisal, farkon damina

Maigida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a inda kake ɓoye. Ya tarin nan naka? Ma, mahaifiyarka, tana sa maka albarka.

Dabararku ta ci. Tun da aka tsinci rigarka a bakin kogi, bayan kun fasa rumbun bindigogin Turawa, 'yan sanda suka yarda ruwa ya ci ka, sun daina nemanka. Amma ni na sha wuyar! Matan unguwa sun kai ni bakin tafki, suka farfasa awarwarona, suka goge jan garin aure daga tsagar kaina, suka ɗaura mini farin zane. Kifi kuma ya haramta gare ni, kamar kowace mai takaba. Ni da kifi! Na san dariya kake yi.

Tsoro nake ji kada farin zanen nan ya jawo mana abin da muke ƙarya da shi. Ma ko kallona ba ta iya yi.

Matarka,
Torulota

Barisal, tsakiyar damina

Maigida,

Ina gaisuwa, da fatan tarin ya yi sauƙi. Mu lafiya lau. Karanta a nutse.

Jiya da rana Ma ta dafa kifin ilish da mai. Ta dube ni ina tura gayan shinkafa, sai ta ɗora mini kan kifin a kwano. Ta ce, “Ci, 'yar nan. Ɗana na numfashi, ba za a yi masa mugun fata a gidana ba.” Na ci, har da tanɗe yatsu.

Ina cikin ci sai ga Nolini Babu, babban ɗan sandan garinmu, wai ya kawo mana rigarka. Ya dubi farin zanena, ya dubi ƙayoyin da ke kwanona. Ya yi murmushi ya ce, “Matar yaya, ilish na bana ya yi mai, ko?” Bai bar rigar ba, da ita ya koma.

Kada ka ga laifin Ma, tun jiya kuka take. Ka tashi daga inda kake yau ɗin nan, kada ka biyo ta gida, kada ka faɗa mini inda ka nufa.

Tunda dai sun gane, da safen nan na cire farin zanen, na mayar da jan garina a tsaga. Na cika shi sosai, har Ma ta ce ya yi yawa.

Matarka har yanzu,
Torulota