Muryata ta kai teburin mai shayi a Kebbe

Anti Rabi'atu, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni malamar lissafi ce a wata sakandare a Tambuwal, na daɗe ina koyarwa. Da anka rufe makarantu saboda korona, shugaban makarantarmu ya ce kowane malami ya riƙa ɗaukar darasi da murya yana turawa zauren WhatsApp na iyaye. Ni kuwa, Anti, allo da alli na sani. A aji ina duban idon yarinya in gane ta ɓace, in koma baya. Yanzu bango nika yi wa magana. In fara, harshe ya sarƙe, in goge, in sake, har tuwo ya kama. Sannan a zauna jiran sabis. Ba mai tambaya, ba mai cewa ya gane.

Abin da ban lura ba, wayoyin nan na iyaye maza ne. Maigidana Namadi fataucin hatsi yake yi. Ranar kasuwar Kebbe ya tsaya wurin mai shayi, sai ya ji muryata a wayar wani, maza sun kewaye, ɗaya yana kwaikwayon inda na ruɗe na ce bakwai sau takwas hamsin da huɗu. Sunka yi ta dariya, ba su san mijina na zaune gefensu ba. Ya dawo ko abinci bai taɓa ba. Bai yi faɗa ba, ya dai ce in bari sai an buɗe makaranta.

Ba zan ɓoye miki ba, har na ji sanyi a raina, don na gaji. To amma akwai ɗalibata Kamila a Jabo da ke shirin jarabawa, uwarta ta aiko cewa ba darasin da ke wuce ta in babanta ya dawo daga gona. Shugaba kuma sai kira yake yi. Yanzu ko wayar na ɗauka, sai in ajiye ta. Anya ma na iya koyarwar nan?

Malama mai gajiya, Tambuwal

Amsa:

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin iya koyarwa. Ba wanda ya koya muku wannan sabon aiki, umarni kawai aka ba ku. Kuskuren da ake gogewa a allo a manta, shi ne ya zauna a waya har ya kai kasuwa.

Kada ki ga laifin maigidanki. An yi wa matarsa dariya a gabansa, ya haɗiye. Kada kuma ki ci gaba a ɓoye. Ki bari ya huce, ki ba shi labarin Kamila, ki roƙe shi ya zama shi ne mai fara sauraren kowane darasi kafin ki tura. Ki gajarta darussan, abu ɗaya a kowane ɗauka, ki rubuta lissafin a gabanki tukuna.

Shugabanku ma ya kamata ya san abin da ya faru, ya ja kunnen iyaye a zauren. In maigida ya ƙi duk da haka, ki rubuta aikin a takarda, a ɗauki hotonsa a tura wa yaran.

Ki huta, ki ci abinci, ki daina yi wa kanki hukunci. Allah ya yaye mana wannan annoba, ya mayar da ke gaban ajinki lafiya.