Yayen Jikana Ya Ƙi Ƙarewa

Assalamu alaikum Malama Bintu. Ki gafarce ni da zan ɗora miki wannan 'yar damuwa, na san akwai waɗanda tasu ta fi tawa nauyi. Na daɗe ina juya abin a raina, na rasa wanda zan gaya wa ba tare da ya zama gulma ba.

Ni a Wunti nake, cikin garin Bauchi. Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, yana zaune a Yelwa da matarsa Juwairiyya. Yarinya ce mai ladabi, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, na faɗi wannan kada in ci namanta. Watan jiya suka kawo mini ɗansu Abdulmuhaimin yaye, yana da shekara ɗaya da wata tara. Na yi murna ƙwarai. Ni na yaye 'ya'yan ƙannena, har maƙwabta kan kawo mini nasu. Abin da na sani, a karɓo rubutu wurin malam, a dama kunun gyaɗa, a goya yaro, uwa ta ɓace masa da gani. Ya yi kukansa na 'yan kwanaki, ya haƙura ya kama tuwo.

Aka kawo mini shi da akwatuna kamar mai tafiya Umara. Abincin gwangwani, ruwan roba, cokalinsa daban, har da wani abin auna zafin jiki da ake ɗana masa a goshi kamar bindiga. A ranar uwar ta sa aka ɗauke shi hoto da babbar riga da hula, ta baza a waya wai an yaye shi lafiya, jama'a suna ta yi mata barka. Lokacin ko kunu bai kurɓa ba.

To, ga inda abin yake. Ta bar mini wata babbar waya, ta nuna mini inda zan taɓa. Da hantsi kira, da azahar kira, da la'asar kira, kuma irin kiran nan da ake ganin fuska. Sai na lallaɓa yaro ya buɗe baki ya karɓi masa da miya, sai wayar ta ɗau ƙara, ga uwarsa tana yi masa waƙa. Ya furzar da abin da ke bakinsa, ya rungume waya yana laluben wuyan rigarta a jikin gilashi. Shi kuka a nan, ita kuka a ofis. Kafin in gama rarrashi sai in ji keke ya tsaya a ƙofar gida. Wai ruwansa ta kawo. Ta shige ɗakina da shi ta turo ƙofa, sai in ji shiru, irin shirun da duk wadda ta taɓa shayarwa ta sani. Ta fito tana gyara mayafi, ni ina kallon ƙasa, ita tana kallon ƙasa, yaro yana gyatsa.

Sau uku ke nan muna komawa farko. Duk komawa sai na soya masar sadaka, har yaran unguwa sun fara tambayata yaushe za a sake yaye. Malamin da ke ba ni rubutu ya tambaya ko 'yan uku aka haifa mana. Na yi wa uban yaron magana a kaikaice, ya ce in yi haƙuri. Na ji ita ma haƙurin ya ba ta.

Yanzu labari ya iso ni, mahaifiyar Juwairiyya da ke Miri ta ce a kai mata yaron tunda na Wunti sun kasa. Malama, wannan magana ta tsaya mini a rai. Maƙwabciyata Hajja ta ce in kashe wayar in ce ta faɗa randa. Ni kuwa tun muna makarantar allo aka tsoratar da mu a kan ƙarya. Har na yi tunanin in jefa ta randar da gaske don maganata ta zama gaskiya, sai na tuna amana ce. Ga shi ina jin nauyin in dubi surukata in ce kada ta zo gidana. Yaya zan yi? Don Allah ki amsa mini da wuri, kafin a zo a ɗauke shi.

Kakar yaro, Wunti, Bauchi

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki yi ƙarya, kada kuma ki jiƙa wayar mutane. Ba ki kasa ba. Mutum biyu aka kawo miki yaye, ke kuwa kunun mutum ɗaya kika dama.

Ki duba ta ɓangarenta. Ɗan fari ne, nono ya cika yana yi mata zafi, ta koma gida ba motsin kowa, ga shi ta riga ta shelanta wa duniya an gama. Kewa ce ke hawo da ita keke, ba raini ba. Amma ke ma da gaskiyarki, yaro ba ya mance nono yana ganin mai shi safe da yamma.

Ki bar bi ta kan ɗanki, kin ga iyakar ƙoƙarinsa. Ki kira ta ita kaɗai, ki zuba mata abinci, ki tambaye ta a hankali ko ta shirya. In ba ta shirya ba, yaro bai cika shekara biyu ba. Ki mayar mata da shi da hannunki ta riƙa rage masa sannu a hankali, babu abin kunya a ciki. In ta ce ta shirya, ki gindaya sharaɗi: mako guda ba kiran fuska, ba kawo ruwa. Ke za ki riƙa kiranta da murya in ya yi barci, ki gaya mata abin da ya ci, ki koya mata yadda ake yi da ciwon nono, don da alama ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata.

Batun Miri kuwa, ki cire shi daga ranki. Jikanta ne ita ma, kuma waya tana kamawa a can, keke ma ya san hanya.

Allah Ya raya Abdulmuhaimin, Ya sanyaya zuciyar uwarsa, ke kuma Ya ba ki ladan yaye biyu.

Malama Bintu