Tsagar Gidanmu a Gaban Alƙali

Abijan, watan Maris 1996

Zuwa ga Yaya Mumuni, a Kalfu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Baba da Inna, da Hasiya da yara? Allah ya sa hatsin bana ya kai ku damina. Ni lafiyata ƙalau, ina ci ina sha, sai dai ba a kasuwa nake ba. Ina kaso, Yaya. An yanke mini shekara biyar a kan fashin wani kanti da ban ma san hanyarsa ba.

Matar mai kantin ce ta nuna ni. Da aka jera mu gabanta, ni kaɗai ke da tsaga, ita kuwa abin da ta riƙe ke nan, wai ɗan fashin yana da tsaga a kumatu. Lauyan da mutanenmu 'yan Adar suka samo mini ya ɗaukaka ƙara. Ya ce sai alƙali ya gani da idonsa cewa tsagar nan ta zuri'a guda ce, ba tawa ni kaɗai ba.

Ga roƙona. Ka kai Baba da ƙanenmu Isma'ila garin Tawa a ɗauke ku hoto, kumatu su fito sosai, ka ba mai tahowa Abijan ya kawo mini. Kada Inna ta ji. Baba kuwa ka ce masa kewarsa nake yi, ba ƙarya ba ce.

Zaman nan ina iya jure shi. Abin da ya fi ƙarfina shi ne Baba, da ko gaban mai gari ba a taɓa kai ƙararsa ba, za a riƙa miƙa fuskarsa hannu-hannu a shari'ar ɓarayi saboda ni.

Ka lallaɓe shi ya sa rigarsa ta Sallah.

Ƙanenka,
Zubairu