Yarinyar da Ba Ta Yi Kuka Ba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan matarka, ya sa ta huta.

Na kira wayarka har na gaji, shi ya sa na koma takarda, tunda ita ka fi ganewa. Wata huɗu ke nan 'yarka tana wurina, ko leƙowa ba ka yi ba. Ranar Litinin ta sama ake komawa makaranta. Maigidana ya ce ko dai ka zo ka ɗauke ta, ko mu sa ta a makarantar nan ta zama tamu, shi ke nan. Ni ban ƙi ba, amma yarinya 'yar shekara tara, ubanta da ransa da lafiyarsa?

Kada ma ka ce min ciwo kake. Duk Asabar ina ganin sharhinka na finafinai a jarida. Mai iya cika shafi guda a kan dodanni ai ba zai kasa rubuta wa yayarsa layi biyu ba.

Ka huta lafiya.
Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidan. Lafiya lau nake. Ina ci, ina barci, ina wanka.

Aiki ne. Edita yana aiko min da tsofaffin finafinan nan da ba kowa ke kallo ba sai 'yan tsirarun da suka haddace su: na gawa mai tashi, na halittun wata duniya masu kai kamar tulu. Jiya na kalli wani, ana ganin zik ɗin rigar ɓaro-ɓaro a bayan dodon. Na tsayar, na rubuta "zik", na ci gaba.

Bari in gaya miki abin da ko edita bai sani ba. Ni fim bai taɓa ba ni tsoro ba. Marigayiya ce ma'aunina. Sai ta zauna a gefena da matashin kai a cinya, ni kuma ina ƙirga sau nawa ta rufe fuska da shi. Sau biyar, maki biyar. Shekara goma sha ɗaya ana yaba min wai na san abin tsoro. Yanzu kowane fim uku nake ba shi, kuma har yau ba wanda ya lura.

A asibiti, lokacin da likita ya ja zane ya rufe ta, fitilar ɗakin tana ɗan ƙyaftawa. Kin san abin da ya zo min a rai? Wai hasken bai yi kyau ba. Iyakarsa ke nan. Na sa hannu a takardu, na dawo gida. Kwana biyu tsakani na ƙarasa sharhin makon.

Maganar yarinya, ku yi yadda kuka ga ya dace. Gidan nan kullum labule a sake, kwanuka a jibge. In ta zo ta kalli fuskata, ba abin da za ta samu.

Na gode da ɗawainiya.
Ƙanenki.

*

Auta,

Na gaishe ka, amma ba da daɗin rai ba.

Wai ba wanda ya lura! Akwai mai karanta ka layi-layi. Duk Asabar 'yarka ke rigan kowa ɗaukar jaridar, ta yanke shafinka da almakashina na ɗinki, ta ninke ta sa a jakarta.

Ka tuna abin da ka rubuta makon jiya, a kan fim ɗin da wani abu ya sauko daga sama ya tafi da wata mata? Ga shi nan a gabana: "Yarinyar ce ta ɓata fim ɗin. An ɗauke uwarta a gaban idonta, ko ɗigon hawaye babu. Wa zai yarda da wannan? Da ni ne, da na canza ta."

Auta, 'yarka ba ta yi kuka ba. Ba a ranar ba, ba bayanta ba. Kai ba ka sani ba, don ba ka kalle ta ba. Shekaranjiya da la'asar na shiga kicin na tarar da ita tsaye da rabin albasa, tana kai ta ido. Na ce, "Ke, lafiyarki kuwa?" Ta ce, "Gwaggo, koyo nake. In na iya, Baba zai zo?" Haka ta faɗa, ko rawar murya babu, kamar mai tambayar ƙarfe nawa.

Na ce mata maganar fim ce kawai. Ta ce, "Ai Baba ba ya rubuta abin da ba ya nufi."

Wallahi ji na yi kamar in zo in shaƙe ka. Sai kuma tausayinka ya kama ni, ɗan banza, don tun kana ƙarami haka kake: ka faɗi ka goge gwiwa, ka tsaya kana kallon jinin.

Takardar shiga makaranta tana kan keken ɗinkina, na cike komai. Alhamis zan kai ta.

Allah ya shirye ka.
Yayarka.

*

Mamana,

Ina gaishe ki. Gwaggonki za ta ba ki wannan, ki karanta da kanki.

Na sake kallon fim ɗin nan sau biyu. Kuskure na yi. A cikinsu duka, yarinyar ce kaɗai ta yi daidai, haka abin yake. Na ce wa edita ya buga gyara, ya ce ba a saba ba, na ce to a fara daga kaina.

Ni ma ban yi kukan ba, har yau. Ban san ranar da zai zo ba.

Ki bar albasar nan. Laraba zan shigo motar safe, ki haɗa kayanki. Ma jira shi tare.

Babanki.