Kalmomi Huɗu a Katin Asibitin Ilyas

Briketeri, Yawunde, ran Talata

Yaya Mu'mina,

Turanci nake so ki fassara mini, yau ɗin nan, kalmomi huɗu. Ki yafe ni, na tsallake gaisuwa. Salamu alaikum. Ya maigida, ya yara, ya ruwan Kumba, ya 'yan ajinki? Ni ce Jiddah. Karimatu mai ɗinki ke rubuta mini a waya, ta tsayar da kekenta saboda ni, ina faɗa tana sawa.

Ɗana Ilyas ba lafiya. Kwana huɗu yana zawo, maɗigarsa ta faɗa, kukan ma ba ƙarfi. Jiya na kai shi dispansar, asibitin unguwarmu. Infirmiyar, wato nas ɗin, 'yar Bamenda ce, ta fara da Faransanci, can sai ta zarce da Inglishi. Ni kuwa kin san Faransancina na sayen tumatir ne a kasuwar Mokolo. Duk abin da ta tambaya sai in ce mata wi, wato e. Ta ba ni ƙullin gishiri da sukari, ta yi rubutu a katinsa, ta ja layi biyu a ƙasa. Ga abin da Karimatu ta kwafo: wash, rinse, disinfect, sterilize.

Wani mai shago a Messa ya duba ya ce duka wanki ne. To in duka wanki ne, me ya sa ta rubuta har huɗu? Ƙazama take nufi da ni? Yaya, kin san ni, ko tsumman ɗakina sai na wanke.

Kada Baba ya ji. Allah ya bar mana ke.

Ƙanwarki, Jiddah

Kumba, ran Talata da yamma

Jiddatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya ba Ilyas sauƙi. Ki ce wa mai shagon nan ya tsaya a kan sayar da sabulunsa.

Wash shi ne wanki da ruwa da sabulu, ki fitar da dattin da ido ke gani. Rinse ɗauraya ce, har sabulun ya fita. Disinfect ki sa magani irin jabel, bilicin nan na wanki, ki kashe ƙwayoyin cuta a bokiti, a ƙasan ɗaki, a fo ɗin yaro. Wannan ba na abin da zai shiga bakinsa ba ne, ki ji da kyau. Sterilize kuwa shi ne ki sa abu cikin ruwa ya yi ta tafasa minti goma, har ba abin da ya rage da rai a jikinsa.

Babu wanda ya ce miki ƙazama. Amma ni ba yarinya ba ce. Ba a rubuta wa mai shayar da nono sterilize, don ba a dafa nono. Me kike ba yaron nan, kuma da wane ruwa? Ki amsa mini yau.

Ki gaida mijinki Gali da surukarki Inna Fanta, ki yi wa Karimatu godiya.

Yayarki, Mu'mina

Briketeri, ran Laraba da safe

Yaya,

Ina kwana, kin tashi lafiya? Ban iya amsa miki jiya ba. Na ce wa Karimatu ta rubuta kawai, kada ta ɗago kai ta dube ni.

Nonona ya ƙafe. Tun zazzaɓin da na yi bayan arba'in. Inna Fanta kullum tana dama mini kunun kanwa, tana gaya wa matan gida wai surukarta kamar saniyar Adamawa. Ta ina zan ce mata ba komai a ciki? Sai na sayo bibiron, kwalbar shayar da jariri, da madarar gwangwani, na ɓoye a ƙarƙashin gado cikin kwanon aurena. In zan ba shi sai na saki labule. Gali ma bai sani ba, shi daga la'asar yana wajen gashin soya, tsiren da yake sayarwa.

Murhu ɗaya ne wajen girkinmu, a tsakar gida, mu mata bakwai. Ko ƙwai kika dafa sai an tambaye ki na waye. To sai in kai bibiron ɗin banɗaki cikin zanina, in wanke da ruwan buta, sau uku, da hannun dama. Madarar kuma in dama da ruwan rijiyarmu. Ba Baba ne ya koya mana ba, tun muna kan buzunsa, cewa ruwan da launinsa bai sauya ba, ba wari, ba ɗanɗano, mai tsarki ne? Na duba, na sansana, na ɗanɗana. Ruwan da nake alwala da shi in tsaya gaban Allah, shi zai cuci ɗana?

Akwai kuma wanda ban gaya miki ba. Infirmiyar ta ga bibiron a jakata. Ta ɗaga shi, ta yi mini alamar tafasa da yatsunta, har da bakinta, bul-bul-bul. Yaya, na gane sarai. Na ce wi. Matan layi suna bayana, ɗaya 'yar gidanmu ce. Sai ta rubuta wai ran Juma'a a ɗebi jininsa a nemo abin da ke damunsa, ni kuwa ina tsaye na san abin.

Daga asuba zuwa yanzu sau biyar ya yi. Ki ce mini wani abu.

Ƙanwarki, Jiddah

Kumba, ran Laraba

Jiddatu,

Lafiya lau na tashi, sai saƙonki. Baba bai yi ƙarya ba. Ruwan rijiyarku ya isa alwala, sallarki ta yi. Turawa ma suna da kalmar wannan tsarkin, purify, kuma ba ita infirmiya ta rubuta ba. Baba sallah ya koya miki, ba hanjin ɗan wata uku ba. Duk ruwan da zai shiga madara sai ya tafasa ya huce.

Kada ki jira Juma'a. Goya shi yanzu, ki ja Karimatu ku tafi. Ki faɗa da Hausa ma, za a sami mai fassara. 'Yata Zaituna da bibiron na raine ta, na ɓoye muku har da ke, kuma ga ta nan tana cinye mini tuwo.

Allah ya tashi kafaɗarsa.

Mu'mina

Dispansar, ran Alhamis

Yaya,

Ina wuni. Muna nan, an sa masa ruwa a hannu tun jiya. Yau ya buɗe ido ya kama ɗan kunnena ya ja. An ce sai gobe za a san ko za mu koma gida.

Infirmiyar ba ta yi faɗa ba. Ta dai dube ni, ta soke ɗiban jinin. Da ma ta zage ni.

Da azahar na koma gida na ɗora tukunya a tsakar gida, na jefa bibiron ɗin ciki ban rufe ba. Matan suka tsaya suna leƙen tukunyar. 

Ki yi mana addu'a. Na gaya wa Gali, ya cire hula ya zauna a dakali. Na gaya wa Inna Fanta, ta ce, “Ni kika mayar dodo, 'yar nan?” Ba ta kula ni ba har yanzu, amma ita ta tura icen ƙarƙashin tukunyar. Baba kuma kada ki kira shi, na riga na faɗa masa da bakina.

Ƙanwarki, Jiddah